Tarihin Harbin Kurciya Da Ladubbansa: Darasin Gindin Gawo

 

Lokacin da Edita ya aiko mini cewa bana ni zan cika shafin tarihi, ya zaci zan yi magana a kan masarautu kamar yadda aka saba. Da na ce masa a kan kurciya zan rubuta, sai ya bushe da dariya ya ce, "Wato har yanzu ba ka ajiye danƙon nan ba?" Duk wanda muka shiga aji ɗaya tare a 1974 ya san abin da yake nufi, domin kuwa aljihun wandona na kaki bai taɓa rabuwa da danƙo da tsakuwa ba. To, ina da dalilina. Harbin kurciya yana da tarihi, yana da ladubba waɗanda magabata suka shimfiɗa, kuma akwai wani bashi da ya kusa shekara hamsin a wuyana wanda nake so in sauke a gabanku. Sai ku yi haƙuri ku biyo ni.

Kurciya Da Danginta

Sanin kowa ne Bahaushe ya daɗe da zama da kurciya, har ya rarrabe danginta da sunaye. Akwai kurciyar gida wadda ke sheƙa a kan darbejiya ko a ƙarƙashin indararo. Akwai hasbiya, babba mai jan kewayen ido da ɗige-ɗigen fari a fuka-fuki, wadda ta fi son giginya da dogayen gine-gine. Akwai bardo, ɗan ƙarami mai doguwar wutsiya. Akwai kuma kurciyar gamji, koriya mai rawayan ciki, wadda ke bin 'ya'yan ɓaure da gamji. Tantabara kuwa ta gida ce, tana da mai ita.

Kurciya ƙwai biyu take yi, namiji da mace suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kimanin mako biyu, kuma su biyun ne ke ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri da suke fitarwa daga maƙoshi. Ke nan wanda ya harbe ɗaya daga cikinsu a wannan lokaci, sau da yawa rai uku ya ɗauka. Bugu da ƙari, ba ta iya nisa da ruwa, safe da yamma sai ta sauka bakin tafki ko rijiya. Wannan hali nata shi ya sa farautarta ke da sauƙi, shi ne kuma ya sa take da haɗari, domin inda kurciya ke shan ruwa nan mata ke ɗiba, nan makiyayi ke shayar da dabbobinsa.

Kafin Zuwan Danƙo

Da yawa daga cikinmu muna zaton danƙo gadon kaka da kakanni ne. Ba haka ba ne. Danƙon harbi ba ya yiwuwa sai da roba mai talewa ta koma, ita kuwa wannan roba sai a 1844 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya yi rajistar dabarar sarrafa ta. Tayar keke mai iska ta Dunlop ta fito a 1888, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Sai da keke da mota suka yawaita a ƙasar nan, masu faci suka fara zubar da tsohon tif, sannan yara suka samu abin yankawa su ɗaura a jikin gwafa. Sunan ma na aro ne, domin asalin danƙo shi ne ruwa mai yauƙi da ake tatsa daga itatuwa irin su gamji, wanda ake shafawa a reshe tsuntsu ya sauka ya manne.

Kafin wannan zamani, yaro da tarko yake kama kurciya. Ya sami gashin wutsiyar doki ya yi zarge, ya binne a masussuka inda aka gama fyaɗin gero, ya koma gefe ya laɓe. Akwai kuma majajjawa, wadda aka fi amfani da ita wajen korar tsuntsu daga gona. Shi maharbi na sosai, mai kwari da baka da kibiya mai dafi, ba ya ɓata kibiyarsa a kan kurciya, hankalinsa na kan gada da barewa da gwanki. Amma kurciya ita ce makarantar farko ta ɗan maharbi. A kanta yake koyon sanɗa, da karanta iska, da haƙurin jira, da sanin inda abokinsa yake tsaye kafin ya saki abin da ke hannunsa. Farauta a ƙasar Hausa sana'a ce mai shugabanci, akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Dawa. Farautar gayya ma ba a fita sai an kawar da amfanin gona, sai kuma an yi shela an kaɗa ganga, kowa ya san ranar da dajin da za a shiga.

Abin Da Malamai Suka Ce

Tushe na biyu na ladubban farauta shi ne karatun zaure. Littattafan fiƙihun Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a ƙasar nan, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani wanda ya rasu a 996, sun ware babi a kan yanka da farauta. Abin da ake koyarwa shi ne, farauta don ci halal ce, amma farauta don wasa kawai abin ƙi ce. Ana ambaton sunan Allah lokacin sakin makami. Tsuntsun da tarko ya shaƙe ya mutu, ko wanda tsakuwa ta buge ya mutu kafin a yanka shi, mushe ne. Wannan shi ya sa duk yaron da ya san abin da yake yi ba ya fita da danƙo sai da 'yar wuƙa ko reza a aljihu.

Haka nan ya zo a hadisi cewa an hana a kafa abu mai rai a mayar da shi abin gwajin saiti, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Akwai wani hadisin a Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Mugaffal, wanda ya hana wasan harba tsakuwa da yatsu, aka kuma faɗi dalili, cewa ba ta da wani amfani a farauta ko a yaƙi, iyakarta ta karya haƙori ko ta fasa ido. Malaminmu na addini ya karanta mana wannan hadisi muna aji biyu. Na rubuta shi a jarrabawa na ci maki, amma bai shiga kunnena ba.

Bindiga Da Dokar Gwamnati

Bindiga ta daɗe da shigowa yankin nan. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya kafa rundunar 'yan bindiga. Sai dai ta daɗe tana hannun sarakuna da dakarunsu kafin ta kai ga talaka. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu irin tsohuwar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan na cikin dalilan da suka sa maharbin ƙauye ya zauna da adaka, har maƙera suka koyi ƙera ta da bututun ƙarfe. Sunan da aka laƙaba mata, harba-ka-ruga, ya isa bayani: harbi ɗaya take yi, idan kuma aka cika mata albarushi sai bututun ya tarwatse a hannun mai ita.

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kare namun daji a 1916. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, sannan ta yi tata dokar namun daji a 1963. A tsakani kuma aka yi dokar bindigogi ta 1959, wadda ta tanadi cewa ba a riƙe bindiga sai da lasisi, kuma ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda ya shahara da maye. Da bindigar tsuntsu mai harsashin ƙwayoyin dalma ta shigo hannun ma'aikata da attajirai, sai haɗarin ya ƙaru, domin ƙwayoyin watsuwa suke yi, kuma suna iya tafiyar kusan mita 200. Mai harbi yana ganin tsuntsu, amma ba ya ganin mai kiwon da ke bayan kalgo.

Gani Ga Wane

Wani zai ce, kurciya da ta cika gari, ina za ta ƙare? Haka mutanen Amurka suka ce. Suna da wata irin kurciyar daji mai ƙaura wadda masana suka ƙiyasta yawanta ya kai biliyan 3 zuwa 5, idan garkenta ya taso sai ya rufe rana. Aka yi ta kashe ta ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane, ana bin ta har wuraren sheƙarta, ana kuma sare dazukan da take zama. Ranar 1 ga Satumba, 1914, ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati. Bayan shekara huɗu, a 1918, suka yi dokar kare tsuntsaye masu ƙaura. Sakamakon wannan doka, mai harbin kurciya a can yana da lokacin da aka buɗe masa, wanda ke farawa a watan Satumba, yana da adadin da ba zai wuce ba, wato guda 15 a rana a yawancin jihohi, bindigarsa ba za ta ɗauki fiye da harsashi 3 ba, kuma laifi ne ya watsa hatsi don ya yaudari tsuntsu. Su ma babbar dokar da suke koya wa sabon shiga ita ce kada ya harbi tsuntsun da ya yi ƙasa-ƙasa.

Misali na biyu ya shafe mu kai tsaye. Akwai wata kurciya da ke ƙyanƙyasa a Turai, idan sanyi ya gabato ta ƙetaro hamadar Sahara ta yi rani a yankinmu na Sahel, daga Senigal da Mali har zuwa arewacin ƙasar nan. Wataƙila wasu daga cikin waɗanda muka gasa a lokacin hunturu baƙi ne daga can. Saboda canjin salon noma a Turai da yawan harbi a kan hanyarta, ta ragu ƙwarai, har a Ingila fiye da kashi 90 cikin ɗari suka ɓace daga shekarun 1970. A 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana a duniya. A 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta, cikin 'yan shekaru kuma ƙidaya ta nuna ta fara farfaɗowa. Ashe dai idan aka ɗaga wa tsuntsu ƙafa yana dawowa, idan aka ƙi kuwa sai labari.

Baba Maigadi

Duk wannan tarihi da na zayyana, mu a bakin mutum ɗaya muka fara jin sa, ba tare da shekaru ko sunayen ƙasashe ba. Kowa zai tuna Baba maigadi na ƙofar baya, tsohon maharbi mai tabon ƙaho a ƙwauri. Muna aji ɗaya ya kama mu mu biyar muna tsallaka waya da danƙo a hannu. Kun dai san halin da ake ciki, gabza safe da dare, nama kuwa sai an tona miya da kyar a ga ƙwaya ɗaya. Maimakon ya kai mu gaban Firinsifal, sai ya zaunar da mu a kan buzunsa ya ce, "Samari, na san ko na hana ku gobe za ku koma. To, ku ji yadda ake yi."

Ya ce kada mu shiga gonar mutum sai mun yi masa sallama, in mun samu kuma mu ba shi rabonsa. Kada mu yi harbi a bakin rijiya, ko kan hanya, ko ta saitin gidaje. Tantabara dukiyar wani ce, harbinta sata ne. Kurciyar da ke kan ƙwai, da wadda ta yi sheƙa a cikin gida, amana ce. Da damina a bar su su hayayyafa. Wadda aka raunata a bi ta a yanka, kada a bar ta ta wahala. Wanda ya fara kayar da tsuntsu shi ke da shi, ko da wani ya riga shi ɗauka, kuma ƙaramin cikinmu ba ya komawa hannu sake. Kada mu kashe abin da ya fi cikinmu. Mu duba robar danƙo kafin mu ja, domin idan ta tsinke fuskar mai ita take komawa. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Wannan ta ƙarshe ita ce uwarsu. Ku tsaya gefe ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Ba a yi wa itace zobe. Tsuntsun da ya sauko daidai tsayin mutum ba naku ba ne, ku bar shi ya tafi."

Muka ce, "To, Baba, mun gode." Muna ba da baya muka kama kwaikwayon muryarsa muna dariya.

Ranar Asabar A Gindin Gawo

Wata Asabar ce cikin Disamba na 1976, muna aji uku, hazo ya sauko. Bayan duba tsafta muka sulale mu shida zuwa tafkin nan na bayan makaranta, inda babban gawo yake. Kun san gawo da rani yake ganye, don haka kurciyoyi suka cika shi. Kwaɗayi ya ɗebe mu, muka ce idan muka tsaya gefe ɗaya za su tashi ta ɗaya gefen, gara mu kewaye shi. Na tsaya ta gabas, aminina wanda gadonsa ke kusa da nawa ya zagaya ta yamma. Wata kurciya ta sauko kan wani reshe da ya sunkuyo, bai fi tsayin kafaɗata ba. Wallahi a wannan lokaci na tuna maganar Baba, amma na ce a raina sau ɗaya dai ba ya zama komai. Na ja, na saki. Kurciya ta tashi lafiya lau, sai ƙara muka ji daga bayan ganye.

Muka same shi durƙushe ya dafe idon hagu, jini yana bin yatsunsa. Kafin mu isa ɗakin shan magani mun riga mun ƙulla magana cewa ƙayar gawo ce ta soke shi yana gudu. Shi da kansa ya ce a faɗi haka, domin ya san idan gaskiya ta fito korata za a yi, kuma ya san mahaifina bashi ya ci ya yi mini sayayyar makaranta. Aka sa shi a motar makaranta zuwa babban asibiti, ya yi mako uku, ya dawo da ido ɗaya. Mu biyar aka yi mana bulala shida-shida a gaban asambili saboda fita ba izini, magana ta mutu a nan. Baba maigadi kaɗai bai yarda ba. Da yamma ya tare ni ya miƙo hannu, ban ce komai ba na ciro danƙon na ba shi. Ya dube ni ya ce, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma gaya wa kowa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

'Yan ajinmu sun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. Kun kuma san babu wanda ya kai shi son aikin soja, shi ne ke gaba a fareti, kuma burinsa ke nan ya tafi makarantar horar da hafsoshi. Ido ɗaya ya rufe masa wannan ƙofa. Ya koma ya yi karatun koyarwa, ya yi shekara 35 yana riƙe da alli, ɗalibansa kuwa ba su ƙirguwa. Duk taron da muka haɗu shi ke fara rungume ni, ni kuwa ban taɓa iya kallon fuskarsa sosai ba.

Kafin in ɗauki alƙalami na je har gida na same shi, na ce, "Mutumina, ina so in faɗi gaskiyar abin nan a mujalla, amma sai da izininka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haba Alhaji, ni ai na yafe tun ina kan gadon asibiti, abin da Allah ya rubuta ne. Amma ka rubuta. Jiya na ƙwace danƙo a hannun jikana yana auna ƙanwarsa."

Saboda haka, malamanmu da kuka yi ta zirga-zirga a kanmu a wannan rana, musamman malamin ɗakin kwananmu wanda ya kwana a asibiti, ƙarya muka yi muku. Ba ƙaya ba ce, ni ne. Ina roƙon ku yafe mana.

Kira Ga Ƙungiya

Idan muka duba za mu ga ladubban nan daga wuri uku suka fito, wato al'adar maharba, da karatun malamai, da dokar hukuma, amma abu uku ɗin da suke karewa ɗaya ne: ran mutum da lafiyarsa, haƙƙin mai gona, da kuma ita kanta tsuntsuwar. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙaga don a takura wa yaro, kowace sai da wani ya ji jiki aka kafa ta. Mu mun yi sa'a mun tarar da irin su Baba, duk da haka ga abin da ya faru. To, ina ga yaran da ba su da mai zaunar da su?

Ina ba Ƙungiya shawara, duk shekara idan mun kai ziyara makaranta, bayan rabon littattafai da kyaututtuka, a ware ko rabin sa'a ne a yi wa ɗalibai bayani a kan wannan al'amari, a gayyato Sarkin Bakan yankin da likitan ido daga cikinmu, tunda Allah ya ba mu su. Waɗanda ke da bindigar tsuntsu a gida kuma su tabbata takardunsu sun cika, su cire harsashi su kulle shi daban, kada su haɗa harbi da wani abin da ke gusar da hankali. Wanda ya ga danƙo a hannun ɗansa ko jikansa, ƙwacewa kaɗai ba ta isa ba, gobe zai yanko wani tif ɗin. Ya zaunar da shi kamar yadda aka zaunar da mu, in ya ga dama ya ba shi labarin gindin gawo, na ba da izini.

Allah ya jiƙan Baba maigadi, ya saka wa aminina da mafificin alheri, ya ƙara haɗa kanmu, ya kai mu taron baɗi lafiya, amin.